Keken da ke hawa bene: wane iri ya dace da matattakalar gidanmu?

Abu Hanan: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu ta daina iya taka matattakala, ɗakinta kuma a sama yake. Nauyinta kilo 80, tana da keken turawa. Taki 18 ne, da kwana ɗaya a tsakiya, an shimfiɗa tayil. Wane irin keken hawa bene ya kamata mu nema, kuma me za mu duba kafin mu biya?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Malam, ɗauko tef tukuna. Auna tsayi da zurfin kowane taki, ɗaya bayan ɗaya, don maginanmu ba safai suke daidaita su ba. Sai faɗin matattakalar da filin da ke kan kwanar. Tsayi santimita 17 da zurfi 28 yana ba da gangara kusan digiri 31, lafiya ke nan. Tsayi 20 da zurfi 25 kuwa ya kusa digiri 39, ya wuce iyakar yawancin injinan, wadda ke wajen digiri 35.

Injinan kashi uku ne. Akwai mai sarƙar roba irin ta katafila, wanda ake ɗora keken a kai. Shi ya fi kwanciyar hankali domin yana kama taki biyu ko uku a lokaci guda, sai dai yana son fili kusan mita ɗaya kowane gefe kafin ya juya a kwana. Akwai mai ƙananan tayoyi da ke ɗaga keke taki-taki, kamar Scalamobil na kamfanin Alber a Jamus ko Liftkar na Ostiriya. Nauyinsa wajen kilo 25 zuwa 30, ana kwance shi a sa a but ɗin mota, yana shiga kwana mai matsi, amma daidaiton keken yana hannun mai riƙewa. Na uku su ne waɗanda mai zama ke tuƙawa da kansa, irin Scewo BRO na Suwizalan da iBOT na Amurka. Kuɗinsu dubban daloli ne masu yawa, Scewo ɗin kaɗai ya haura kilo 150, kuma in ya lalace sai an nemi kamfanin. Ban ga dalilinsu ga dattijuwa ba.

Maman Iman: Ƙari kan bayanin Injiniya. A lissafin nauyi a haɗa da na keken, kilo 15 zuwa 20, kada a tsaya kan 80 ɗin Hajiya. Ba kowane keke ba ne yake karɓar injin, sai mai ƙarfen baya mai ƙwari. Ana hawa da baya ne, ana sauka fuskarta na kallon ƙasa, mai riƙewa kullum yana ta sama. A ɗaura bel a ƙugu, a sa matashin kai, domin keken yana kishingiɗa baya. Wanda zai riƙa tuƙawa ya fara gwadawa da buhun shinkafa har hannunsa ya faɗa. Tayil mai santsi in ya haɗu da ƙurar hunturu ko ruwan mofa, sarƙa takan zame, don haka a manna roba mai kaushi a bakin kowane taki, a gyara duk wanda ya guntule.

Mai Gyaran Lantarki: Batir ne ke fara mutuwa. Batiran dalma, 12V guda biyu, in aka bar su suka ƙare ƙaf sau da yawa, sun tafi. A sa caji bayan kowane amfani, ta sitabilaiza, a inuwa. Kada a fara hawa da caji ƙasa da rabi. A tambayi mai sayarwa: in wuta ta ɗauke a tsakiyar bene, burki yana kamawa da kansa? Kuma ina ake samun sarƙa da caja?

Abu Hanan: Na auna. Tsayin taki santimita 18, biyu daga ciki 21. Zurfi 26. Filin kwana santimita 85.

Injiniya: To mai sarƙa ya fita, 85 ba za ta ishe shi juyawa ba. Saura mai taki-taki, shi ma da yawansu iyakarsu santimita 20 ce, sai ka nemi wanda takardarsa ta ce 21 ko fiye. In akwai ɗaki a ƙasa, ni da za a ji tawa a dawo da Hajiya can, a zuba gangaren siminti a ƙofa: kowane santimita ɗaya na tsayi, 12 na tsawo. Dakali mai santimita 30 yana buƙatar mita 3.6, faɗi aƙalla santimita 90.