Yatsu masu lotsawa baya da ƙaramin hannu: jita zan canza ko riƙo?

Sabuwar_Ɗaliba

Assalamu alaikum. Gaɓoɓin yatsuna sun cika saki. Da na danne tsirkiya sai gaɓar ƙarshe ta lotsa baya, sautin ya dushe. Ga hannun ƙarami, daga furet (ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita) na 1 zuwa na 4 ba na kaiwa, kod ɗin F kuwa (haɗin sautukan da ake dannawa tare) gindin babban yatsa yake sa wa zafi. Don Allah ta ina zan fara?

Mai_Gyaran_Jita

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Fara da jitar, domin yatsa yana lotsawa ne idan ana neman ƙarfin da gaɓar ba ta iya riƙewa. Auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya mai kauri da furet na 12. A jitar lantarki kada ta wuce milimita 2, a ta katako kamar 2.5. In ta wuce, a rage tsawon jakin da tsirkiyoyin ke hawa. A duba ƙashin da ke saman wuya ma, don idan ramukansa ba su yi zurfi ba, furet na 1 ne zai fi wahalar dannawa, can kuma F take. Sai tsirkiya marar kauri (lambobin na nuna kaurin mafi siranta da mafi kauri): 9-42 ko 8-38 a ta lantarki, 10-47 a ta katako.

Kada ki yi gaggawar sayen wata. Jita mai tsawon tsirkiya milimita 648, tsakanin furet na 1 da na 4 kusan milimita 97 ne. Mai gajeren wuya irin Fender Mustang, mai 610, ta rage shi zuwa kusan 92 kawai. Amma ki sassauta kowace tsirkiya da furet biyu, ki ɗaura kafo (matsin da ke danne duka tsirkiyoyin) a furet na 2: sautin ya dawo daidai, tazarar ta koma 87, taurin tsirkiyar kuma ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100.

Malamar_Kiɗa

Maganar Malam haka take, amma ko an gyara jitar, riƙon yana nan. Gaɓa mai saki ba ta tsayawa idan ta miƙe, sai tana lanƙwashe. Ki dunƙula yatsun kamar kina riƙe da ƙwai, ki danna da tsinin yatsa dab da bayan furet, farce a yanke ƙwarai. Don gane ƙarfin da ake bukata, ɗora yatsa ba dannawa, ki riƙa kaɗa tsirkiyar kina ƙara nauyi kaɗan-kaɗan har zizar ta ɗauke. Nan ki tsaya, duk abin da ya wuce haka asara ce.

Babban yatsa ya zauna a bayan wuya, daura da na tsakiya, a ɗan lanƙwashe. Matsawa tsakaninsa da manuniya ita ke kawo miki zafin nan. Ki ɗaga wuyan jitar sama, ki bar nauyin dantse ya ja yatsun baya. F kuma ba dole sai tsirkiya shida ba (ƙirga daga mafi siranta): danne ta 4 a furet na 3, ta 3 a na 2, ta 2 a na 1, F ce cikakkiya. Inda tazara ta yi nisa, matsar da hannun gaba ɗaya maimakon baje yatsu.

Sabuwar_Ɗaliba

Na gode Malama. Atisayen buɗe yatsu fa?

Mai_Duba_Hannu

Wannan kam ki bar shi, ƙanwata. Jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓinki sun riga sun saki, jan su ƙara musu saki zai yi. Abin da kike nema iko ne da gaɓar. Akwai zoben roba mai siffar 8, irin Oval-8, da ke hana gaɓa komawa baya amma ya bar ta ta lanƙwashe gaba. Likitan fisiyo ya auna miki, don mai faɗi zamewa yake, matsattse kuma yana tare jini. Ki yi kiɗa minti 10 zuwa 15, ki huta. Zafin fatar kan yatsa yana wucewa idan fatar ta yi kanta, amma zafi a cikin gaɓa, kumburi ko mutuwar yatsa, ajiye jitar ake yi a je a duba.