Sanyin Jos, zafin Abuja da masu shan maganin ƙwaƙwalwa: kowa ya faɗi abin da ya gani

Daga Angwan Rogo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifinmu na fama da cutar makyarkyata, wadda likitoci ke kira Parkinson. Tun da hunturu ya kama, jikinsa sandarewa yake da asuba, ko buta sai an riƙa masa. Idan rana ta ɗaga sai ya ɗan saki. Maganin kuwa bai canja ba, levodopa ne tun damina. Akwai wanda ya ga haka a gidansa?

Daga Rikkos:
Wa'alaikumussalam. Allah ya ba Baba lafiya. Haka Kakarmu take duk Disamba da Janairu. Ruwan ɗumi muke ajiye mata a fulas don alwala, ta kwana da safa da hula. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne gumi. Cikin sanyin nan da kowa ke ƙudundune a bargo, ita sai ta tashi sharkaf, galibi lokacin da ƙarfin maganin ya kusa ƙarewa a jikinta. Don Allah kar a bar masa gawayi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa na kisa.

Ma'aikacin jinya, daga Bukuru:
Abin da kuka gani yana da tushe. A Parkinson, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dopamin ne ke mutuwa a hankali, shi ya sa motsi ke wuya. Sanyi na ƙara ɗaure tsoka, rawar ɗari kuma ta hau kan makyarkyatar da ke nan da ma. Sannan akwai wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke riƙe zafin jiki a wajen digiri 37, dopamin na cikin sinadaran da yake aiki da su. Cutar kan taɓa jijiyoyin da ke sarrafa gumi, to ga bayanin gumin Kaka nan, Hajiya ta Rikkos. Abin da na fi tsoro shi ne a yanke levodopa farat ɗaya, ko don ya ƙare ko don tsada. Yin haka na iya jawo zazzaɓi mai tsanani da sandarewa da ruɗewa, kuma wannan na gaggawa ne.

Daga Kubwa, Abuja:
Ni nawa da zafi ne. Ƙanena na shan haloperidol da Artane saboda lalurar ƙwaƙwalwa. A Jos lafiya lau yake zaune. Ya zo wurina a watan Maris, ya yini a rana yana taya ni a shago. Da yamma jikinsa ya yi zafi rau, fatarsa a bushe, babu ɗigon gumi, maganarsa ta fara sarƙewa. Gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba. Sai a asibiti likita ta tambayi magungunan da yake sha, ta ce na farkon yana toshe aikin dopamin, na biyun yana rage gumi, ga kuma rana. Aka sanyaya masa jiki, aka sa masa ruwa. Wallahi har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Yanzu duk inda za mu, da kwalin maganin nake tafiya.

Wani ɗalibi, daga Gangare:
Malam, ni ina wanka da ruwan sanyi da sassafe, kuma ina jin garau bayansa. A TikTok ana cewa yana ƙara dopamin. Ba zai taimaki Baba ba?

Ma'aikacin jinya:
A'a ƙanena, kar a gwada a kan dattijo. Maganar ta samo asali ne daga wani bincike na shekarar 2000, inda samari masu lafiya suka zauna awa guda cikin ruwa mai digiri 14, dopamin ɗin jininsu ya ƙaru da kashi 250 cikin ɗari. Amma a jini aka auna, kuma dopamin na jini ba ya tsallakawa cikin ƙwaƙwalwa. Dalilin ke nan da ake ba masu Parkinson maganin levodopa, shi yana tsallakawa, can ciki ya koma dopamin. Ɗan'uwa na Angwan Rogo, ku riƙa rubuta lokacin da Baba ke shan magani da lokacin da yake sandarewa, ku kai wa likitansa. Wataƙila ya gyara lokacin shan na asuba.