Injiniyan da ya bar mu da baƙin allo

Auwalu Tudun Wada: Jama'a raina a ɓace yake. Na biya wani injiniya ya ɗora Debian 12 (wani nau'in Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) da XFCE (fuskar da ake gani a allo) a kan kwamfutoci 18 na cibiyata nan Gombe, saboda yara masu shirin JAMB. Ya bar mana wani sikirif, wato ɗan fayil na umarni, da ke rubuta xorg.conf, fayil ɗin saitin allo, da kansa duk sanda aka kunna. Yanzu guda 6 allonsu baƙi ƙirin, sauran kuma in ka ja taga sai ta riƙa jan ƙafa, majigi ma ya ƙi. Ya ce wai sikirif ɗin ne ba ya gano firembafa, wato ma'ajiyar hoton da ake nunawa a allo, kuma laifin Debian ne. Kwana uku ke nan ba ya ɗaga waya. Ni dai na gamsu, Debian ba ta dace da tsofaffin injuna ba.

Injiniya Bappa: Tsaya tukuna Auwalu. Wane ne injiniya? Yana da rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya? Shekara biyar muka yi a jami'ar ATBU ta Bauchi kafin a kira mu da sunan nan, yanzu duk yaron da ya iya haɗa filas ya zama injiniya.

Ɗan Bolari: Ranka ya daɗe, mai gyaran janareta ma injiniya muke ce masa a kasuwa, kuma janareton na tashi. Takarda ba ta gyara allo.

Injiniya Bappa: Shi ya sa kuke inda kuke.

Sadiya: Yaya Auwalu, turo mana layin da sikirif ɗin ke dubawa, da layukan da ke ɗauke da EE, alamar kuskure, a cikin /var/log/Xorg.0.log na ɗaya daga cikin masu baƙin allon, wato log ɗin da Xorg, manhajar da ke zana allo, ke rubuta abin da ya faru.

Auwalu Tudun Wada: Ga shi ƙanwata: test -e /dev/fb0, in ya samu sai ya rubuta Driver "fbdev". A log kuma akwai Failed to load module "fbdev", can ƙasa no screens found.

Sadiya: To ai ya gano firembafa sarai, fahimtarta ce ya kasa. Samun /dev/fb0, fayil ɗin firembafa, ba ya nufin direban fbdev ake buƙata (direba ita ce manhajar da ke sarrafa katin hoto). Direban i915 na kanel, wato zuciyar Linux, wanda injunan Intel ke aiki da shi, shi ma yana buɗe /dev/fb0 don baƙin allon rubutu ya samu wurin zana haruffa. Kenan kowace inji za ta ce “akwai”, sikirif kuma ya tilasta wa Xorg hanya mafi rauni, wadda ba ta morar ƙarfin katin hoto, ba ta kuma iya sarrafa allo biyu. Dalilin jan ƙafar da matsalar majigi ke nan. Guda 6 ɗin kuwa, log ya nuna ba a saka xserver-xorg-video-fbdev a kansu ba, an ce wa Xorg ya ɗauko abin da babu. Buga cat /proc/fb. In ka ga i915drmfb, lafiya lau. In EFI VGA ko VESA VGA ka gani, direban gaskiya bai hau ba, sai ka duba /proc/cmdline ko an saka nomodeset, umarnin da ke hana shi hawa. Abin da ya kamata sikirif ya fara dubawa shi ne /dev/dri, inda direban gaskiya ke bayyana. Ni da zan matsar da xorg.conf gaba ɗaya in dakatar da sikirif ɗin, Xorg zai zaɓi direbansa da kansa.

Ɗan Bolari: Sadiya kina da COREN? Ina tambaya ne don Baba Bappa ya ji.

Injiniya Bappa: Kada ka sa 'yata cikin rashin kunyarka. Ni maganar suna nake yi, suna kuma doka ce ta tsare shi.

Kabiru Wunti: Ku 'yan Gombe tun 1996 da kuka bar Bauchi kuke neman masu gyara. Da Wunti nan Bauchi ya kawo injunan da tuni an gama.

Ɗan Bolari: Wa ya kawo maganar jiha? Namu yaran ne ke cike da shagunanku.

Musbahu: Duk wannan wahalar X11 ce, tsohon tsarin da Xorg ke bi, abin 1987. A koma sabon tsarin Wayland kawai, Linux ɗin Ubuntu ta koma tun fitowarta ta 21.04.

Kabiru Wunti: A kan XFCE na Debian 12? Ka taɓa gwadawa ko karantawa ka yi?

Musbahu: Ka taɓa ganin na kawo maka gyara?

Auwalu Tudun Wada: Na matsar da fayil ɗin a guda ɗaya, allo ya kawo, i915drmfb ta nuna. An ɗauke wuta kafin in taɓa sauran. Amma kuɗina fa? Ba wanda ya ce komai a kan kuɗina.

Ɗan Bolari: Ka kai ƙara COREN.

Injiniya Bappa: A matsayina na shugaban zauren nan zan rufe. Abin da aka tsayar: wanda ya yi wa Auwalu aiki ba injiniya ba ne, kuma wannan shi ne tushen matsalar, kamar yadda na faɗa tun farko ba wanda ya kawo hujjar da ta rushe. Sadiya ta ba da wasu shawarwari, mai so ya duba sama. Ɗan Bolari, na cire ka na kwana biyu. Auwalu, gobe bayan la'asar zan turo maka ɗalibina ya duba injunan.