"Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya": ina iyakar wannan magana?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Ɗana mai karatun tattalin arziki ya ce mini rabin darasinsu hasashen farashi ne. Na ce masa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ya ce ban yi masa adalci ba. Malamai, ku raba mu.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yaron bai yi kuskure ba. Kalmar da suke amfani da ita a aji, *speculation*, daga Latin ta fito. *Specula* hasumiyar mai gadi ce, inda ake hawa a hango mai tahowa tun yana nesa, tushenta kuwa *specere*, wato dubawa. Ma'anar sayen kaya da fatan ya yi tsada sai a ƙarni na 18 ta shigo. Wadda ta dace da karin maganarki ita ce *surmise*. Daga tsohon Faransanci take, *surmettre*, ɗora wa, kuma da ta shiga Ingila tuhuma ake nufi da ita, a ɗora wa mutum laifi. Wannan ne zaton da iyayenmu suke tsawatarwa a kai.

Ɗan Kurmi: Malam, a gafarce ni, ni ban ga bambancin ba. Magana ta ce ko da ya zama gaskiya. Ai ba ta ware komai ba.

Almajirin Zaure: Ƙanena, koma ga inda aka ɗebo ta. Aya ta 12 a Suratul Hujurati cewa ta yi *sashen* zato zunubi ne, nan take kuma ta hana bin diddigin sirrin mutane da yi da su. Zancen mutuncin ɗan'uwa ake yi. Ka ga maƙwabcinka ya shigo da dare ka ƙudurta masa sata: ko ta tabbata, ka yanke masa hukunci kafin hujja. Manomin da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya ce yau za a yi ruwa, wa ya zalunta?

Malamin Turanci: Akwai kalma ta uku, *conjecture*, daga kalmomin Latin masu nufin jefa abubuwa wuri ɗaya. A tsohon Turanci har fassarar alamu da duba tana nufi. Mu sai mu ce kirdado.

Baba Mai Hatsi: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, shekaru na yi ina awo a Dawanau. Mai sayen gero da kaka ya ajiye sai damina, hasashe yake yi, kuma ni ma na yi. Wata shekara ka ci riba, wata shekara farashi ya karye ka kwana da buhuna. Abin da ke ci mini rai shi ne wanda ya kulle sito yana jiran talaka ya galabaita. Shi ba hange yake ba, shi ne yake haddasa tsadar. Amma ba da wannan karin magana zan yi masa faɗa ba, sunansa mai ɓoye abinci.

Ɗan Kurmi: Na karɓi na aya, Yaya. Sai dai har yanzu ina ganin wanda ya gina rayuwarsa kan "ƙila" yana cikin hatsari. Tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka.

Uwar Biyu: To wannan ita ce ya kamata in faɗa masa, don damuwata ke nan, kada ya bar aikin hannu ya zauna jiran farashi. Malamin Turanci, don Allah rubuto mini sunan hasumiyar nan daidai, zan tura masa in an idar da Magariba.