Kwana biyar a waje da yara matasa: daga Birnin Kebbi ta ina zan fara?

Ɗan Gesse:
Assalamu alaikum jama'a. Ina Birnin Kebbi, ina son in fita da iyali waje a dogon hutun makaranta, kwana biyar ko shida. Ni ne da uwargida da yara uku: babbar tana da shekara 17, namijin 15, sai ɗan ƙanena mai shekara 13 da yake hannuna. Mu manya muna da fasfo, yaran ba su da shi. Raina ya rabu tsakanin Ghana da Masar. Waɗanda suka san harkar, don Allah me ake fara yi, kuma ina kuɗi ya fi zurarewa?

Malam Na Gwandu:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ajiye maganar ƙasa tukuna, kada ka biya ko kwabo na tikiti sai fasfon yaran uku ya shigo hannunka. Ka fara tun saura wata uku.

Kowane yaro yana buƙatar lambar NIN, da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa (ta asibiti kaɗai ba ta wadatarwa), da takardar amincewar uba ko uwa, da kwafin shafin fasfonka. Wanda bai kai 18 ba fasfon shekara biyar ake ba shi, mai shafi 32. Ana cike fom a biya a shafin hukumar shige da fice, sannan a je ofis da yaron a ɗauki hoto da zanen yatsa.

Inda aiki ke tsayawa shi ne suna. Hukumar tana ɗauko bayanai ne daga NIN, to in NIN ta ce Muhammad, takardar haihuwa ta ce Mohammed, ko ranar haihuwa ta bambanta da ta makaranta, sai an koma an gyara NIN, gyaran kuwa yakan ci makonni. Ka shimfiɗa takardun kowane yaro a gabanka yau, ka bi su harafi-harafi. Sannan mu Hausawa yaro yakan ɗauki sunan uba a matsayin sunan ƙarshe, uban kuma nasa na kaka ne ko na gari. A idon jami'in filin jirgi, sunayenku ba su nuna dangantaka ba. Saboda haka takardar haihuwa ta asali ta bi ku a jakar hannu, ba a barinta gida don an sami fasfo.

Ɗan ƙanen naka shi ne mai aiki. Riƙo a wurinmu ba abin tambaya ba ne, amma a bakin jirgi abin tambaya ne, domin ana sa ido sosai kan safarar yara. Mahaifinsa ya rubuta takardar amincewa mai sunanka da sunan ƙasar da ranakun tafiya da dawowa, a yi mata rantsuwa a kotu, a haɗa da kwafin katin shaidarsa da lambar wayar da za ta shiga ranar tafiya. In mahaifiyar ma ta sa hannu ya fi.

Naku fasfon ku duba ya rage aƙalla wata shida daga ranar tafiya. Sai katin allurar cutar shawara, wato yalo kad: kowa sai ya yi, har yaran. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, don haka wanda aka yi wa ana gobe tafiya katinsa bai zama hujja ba. Sau ɗaya ake yi a rayuwa tun 2016. A yi rajista a biya ta intanet, a je ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa a karɓa. Kada a saya a hannun masu tare mutane a bakin filin jirgi, na yanzu yana da lambar da ake dubawa a na'ura.

Ɗan Kamba:
Malam ya gama da takardu. Ni a kwana biyar Ghana zan ce. Ƙasar ECOWAS ce, babu biza, ana iya zama har kwana 90. Masar sai biza, mutum biyar kuɗi biyar, ga takardar banki, ga jira, kuma Alƙahira a watan Agusta zafi ne sosai, wajen dalar Giza kuwa babu inuwa. Gaɓar tekun Ghana a Agusta lokacin sanyinta ne, ruwan Yuni ya ja baya.

Kuɗi a tikiti yake zurarewa. Rangwamen yaro a jirgi yana ƙarewa ne a shekara 11, daga 12 kujerar babba ce. Tikitin manya biyar za ka lissafa, ba biyu da ƙananan uku ba.

Hanya: daga Birnin Kebbi ko Sakkwato zuwa Abuja, daga Abuja zuwa Accra, wanda bai kai awa biyu ba in kai-tsaye ne. Ga kuskuren da ya fi cin mutane: a sayi tikitin gida na safe da na waje na yammacin ranar. Tikiti biyu ne daban, kamfani biyu. Jirgin gida ya yi latti ko an soke shi, na waje ya tashi, babu mai mayar maka da komai, kuma kujera biyar ka rasa. Jiragen Birnin Kebbi ba su da yawa, in ɗaya ya faɗi ba lallai a sami wani a ranar ba. Ka sauka Abuja ana gobe, ku kwana, ku isa filin jirgi saura awa uku. A dawowa ma haka. Ma'ana hutun kwana biyar kwana bakwai ne daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida, da kuɗin otal biyu na Abuja a cikin lissafi.

Sunan da ke tikiti ya zama daidai da na fasfo, shi ya sa ake jiran fasfo. Nauyin kaya kuma na jirgin gida yakan gaza na waje, to da ƙaramin za a auna.

Ɗan Gesse:
Na gode ƙwarai. To in aka bi ta mota fa, ta Kamba ko Tsamiya a ratsa Benin da Togo? Ba zai fi sauƙi ba?

Ɗan Kamba:
A kuɗin mota kawai yake da sauƙi. Ta Kamba sai ka shiga Gaya ta Nijar kafin Malanville ta Benin, Nijar kuwa ta fita ECOWAS a Janairun 2025, kuma iyakarta da Benin ta sha rufewa. Ta Tsamiya ka faɗa Segbana ta Benin, daga nan doguwar hanya har Kwatano, sai Lome, sai Aflao a bakin iyakar Ghana. Iyaka uku, kowace da tambayar yaran daga farko. Kwana biyu zuwa, biyu dawowa, me ya rage? Hanyar fatake ce, ba ta hutu ba.

Hajiya Maman Yara:
Alhaji, sannu da ƙoƙari. Ni wajen masauki da tsarin kwanaki zan yi magana.

Otal da yawa suna lissafa mai shekara 12 a matsayin babba, kuma ɗaki ɗaya mutum biyu ne, in an matsa uku da ƙarin kuɗin gado. Budurwa mai 17 ba za ta haɗa ɗaki da samari ba. To ko dai ɗaki biyu, Hajiya da 'yarta, kai da mazan, ko ɗaki uku. Abin da ya fi shi ne gidan haya na kwanaki mai ɗaki uku da kicin. Yakan yi ƙasa da ɗaki uku na otal, kuma ana dafa shayi da ƙwai da indomi a ciki, domin yaro mai 15 yunwarsa ba ta bin agogon otal. Kafin a biya a tambaya a rubuce: gado nawa ne, akwai janareta, akwai intanet, hawa na nawa, kuma in an fasa nawa ake mayarwa.

Abinci ba matsala ba ne a Accra. Nima da Mamobi unguwannin zango ne, ana jin Hausa, akwai wake da shinkafa da tuwo da tsire na halal. Babban masallacin ƙasa yana Kanda, kusa da nan, an buɗe shi a 2021, ya dace da Juma'a. A sauran wurare dai a tambayi naman kafin a ci. Ruwan gora kawai.

Tsarin kwanaki: abu ɗaya babba a rana, ba uku ba. Ranar isa hutu. Rana ta biyu cikin Accra, makwancin Kwame Nkrumah da kasuwar Makola. Ta uku da ta huɗu Cape Coast, kimanin kilomita 150, amma da cunkoson garin Kasoa da ke kan hanya awa uku ce ko fiye, don haka a fita bayan asuba a kwana can. Wanda ya ce a je a dawo rana ɗaya bai zauna da matasa a mota awa bakwai ba. A can akwai tsohon gidan tsare bayi na Cape Coast da na Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482. Ɗaya ya isa, kurkukun ƙarƙashin ƙasan yana da nauyi a zuciya, a gaya wa yaran abin da za su gani tun kafin su shiga. Washegari da sassafe dajin Kakum, mai gadojin igiya bakwai a saman bishiyoyi. Wannan ne matasa suka fi so. A sa takalmi mai rufi, doguwar abaya kuma a sa wando a ciki, domin akwai hawa kafin a kai gadar.

Teku kuwa a yi hattara. Yaron da ya iya iyo a gulbin Argungu bai iya tekun nan ba, igiyar tana ja daga ƙasa. A tsaya iya gwiwa, ko a yi iyo a tafkin otal.

Kowane yaro a ba shi rana ko rabin rana ya zaɓi abin da za a yi, da kuɗin kashewarsa a hannu tun ranar farko, ya ƙare ya ƙare. Yana rage ƙunƙuni da roƙo a kasuwa.

Malam Na Gwandu:
Ƙari kan na Hajiya. Kada ka dogara da katin naira kaɗai, ka tambayi bankinka ko yana aiki a waje da iyakar abin da zai biya a wata. Ka riƙe dala sababbi, ka canza sidi, kuɗin Ghana, kaɗan a filin jirgi, sauran a shagon canji mai lasisi a gari. Abin da ya wuce dala 10,000 sai an bayyana wa kwastan. Kuɗin a raba tsakaninka da uwargida, fasfo biyar kuma su zauna hannun mutum ɗaya, kowa da hotonsu a waya.

Layin waya na can ana saye da fasfo, biyu sun isa, sauran su ja data daga gare su. Kowane yaro ya riƙe adireshin masauki a takarda, waya tana mutuwa. Soket irin namu ne, caja za ta shiga. Fawa bank a jakar hannu, turare da man shafawa da suka wuce mil 100 a babban akwati. Mai shan magani kullum ya tafi da shi cikin kwalinsa da takardar likita. Agogon Ghana yana bayan namu da awa ɗaya, a duba lokacin jirgin dawowa da na can.

Baban Zauro:
Ni dai ban yarda a watsar da Masar ba. Yaran da ke karanta tarihin Musulunci, Azhar da masallacin Amr bn Al-As da dalar Giza ba su da na biyu, ga jirgi daga Kano kai-tsaye. Sai dai a kai ta hutun Disamba, lokacin sanyinsu.

Ɗan Kamba:
Gaskiya ne Baba, amma Disamba hazo ne a nan, shi ke hana jirage sauka a Sakkwato da Kano da Birnin Kebbi, tikiti kuma ya fi tsada saboda Kirsimeti. In Masar ɗin ce a Disamba, a shiga Kano ta mota da rana, a kwana, a nemi biza tun Oktoba. Alhaji, babbar kuma in tana aji shida, ka duba jadawalin NECO kafin ka tsayar da rana, yakan kai ƙarshen Yuli.