Ƙasashe uku na ƙirƙira a taswira ɗaya: koginmu ya ɓace a kan iyaka

Ɗan Zango:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Mu uku ne a nan Damagaram muke gina duniyar ƙirƙira don wasan labari, kowa da ƙasarsa, kuma ƙasashen maƙwabtan juna ne. Kowa ya zana tasa a gida, da aka haɗa takardun sai suka ƙi haɗuwa. Ƙasar kudu, Gulbawa, tana da babban kogi da ya nufi arewa, yana isa iyaka sai ya ɓace, domin mai ƙasar arewa, Rairayi, bai zana shi ba. Gulbawa kurmi ce mai giwaye da dorina, ana tsallaka iyaka kuma sai tudun yashi. Ta uku, Tsaunawa, tana gabas, duwatsu ce zalla. Sannan kowannenmu ya sa zaki a tasa. Ta ina ake farawa, kuma wa ke yanke hukunci a kan abin da ya ratsa iyaka?

Malam Mai Alli:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kuskuren tun daga tushe ne: kun raba ƙasa kafin ku yi ƙasar. Ku ajiye zanen nan uku, kada ku yaga su, za su yi amfani daga baya. Ku samo takarda ɗaya babba, A3, ku tsayar da ma'auni. Idan santimita 1 ya zama kilomita 20, takardar za ta ɗauki kilomita 840 a tsawo da kusan 600 a faɗi, ya ishi ƙasashe uku. Kada a zana iyaka ko ɗaya tukuna.

Abu na farko tudu da kwari. Ku zauna tare ku sa lamba a wurare kamar 15: nan mita 300 sama da teku, nan 450, nan 2000. Daga waɗannan lambobin komai zai fito, domin ruwa ba ya hawa tudu. Zafi kuma yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1000 da aka hau. Wato idan fili yana mita 450, kusan tsayin Damagaram ke nan, kan dutsen Tsaunawa kuma yana mita 2000, ranar da fili ke digiri 42 a watan Afrilu, can sama ana kusa da 32. Dutsen Bagzan na Ayar ya ɗan haura mita 2000, kuma a cikin duwatsun Ayar ɗin ne Timiya take noman lemu da rumman alhali hamada ta kewaye ta. Mai Tsaunawa ya yi koyi da wannan, ya bar zana dutse tsirara.

Na biyu iska. Ku ja kibiya biyu a gefen takarda, ta damina mai kawo laima daga kudu maso yamma, da ta hunturu busasshiya daga arewa maso gabas. Fuskar dutsen da ke kallon iskar laima ita ce mai ruwa da itatuwa, bayansa kuma ya bushe. Kada wani ya ruɗe don ya ga hadari a nan daga gabas yake tasowa. Hadarin ne ke tafiya daga gabas zuwa yamma, laimar da yake sha daga kudu take zuwa.

Na uku layukan ruwan sama, wato layukan da ke nuna yawan ruwan da kowane wuri ke samu a shekara, kuma nan ne maganin kurmin da ya jingina da yashi. A yankinmu ruwa yana raguwa da milimita 1 zuwa 1.5 a kowace kilomita in ana tafiya arewa. Kano tana kilomita kusan 240 kudu da mu, ruwanta ya kusa ninka namu, Agadas kuma ba ta kai milimita 200 a shekara. Kurmi na gaske yana son fiye da milimita 1500. Ku lissafa da kanku: daga 1500 zuwa 150 ana bukatar kilomita kusan 1000, takardarku ba ta kai ba. Ko dai Gulbawa ta sauka ta zama daji mai kaɗanya da ɗorawa, na milimita 800 zuwa 900, ko ku miƙa jerin duwatsun Tsaunawa ya shiga tsakanin ƙasashen biyu ya tare laima. Ni na fi son na farko, ya fi ba da wurin labari, domin tsakiyar za ta zama ƙasar gero da gawo da kowa zai so ya mallaka.

Ku ɗora takarda mai shara-shara a kan ta farko don kowane mataki. In da kwamfuta, shafin zana taswira mai suna Azgaar's Fantasy Map Generator kyauta ne kuma yana fitar da koguna daga tudun da aka ba shi, amma fensir ya fi saurin sasanta mutum uku.

Ƴar Mirriya:

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Sai dai ina so in kare kogin nan, kada a goge shi. Kogi yana iya shiga busasshiyar ƙasa muddin mafarinsa na wurin ruwa kuma ƙasa na gangarawa can. Kwara ta yi haka, ta taso daga tsaunukan Gini ta haura har kusa da Tumbutu sannan ta juyo. Komadugu Yobe ma ruwan Haɗeja da Jama'are ne, yana bin yashi har tafkin Cadi. Don haka abin da za ku tsayar shi ne inda kogin ya ƙare. Hanya uku ce: ya faɗa tafkin da ba shi da mafita, ya bazu cikin fadama kamar ta Haɗeja da Nguru, ko ya nutse cikin yashi ya ci gaba a ƙarƙashin ƙasa.

Ta ukun ta fi dacewa da Rairayi, kuma muna da misalinta a gida, kwarin Korama. Ruwa ba ya gudu a sama duk shekara, amma yana kusa, shi ya sa ake samun rake da rogo da lambuna a tsakanin tudun yashi. Sai mai Rairayi ya zana jerin rijiyoyi marasa zurfi da goriba da dabino a kan tsohon layin kogin, a nan garuruwansa za su zauna. Inda ruwan ya tsaya ya ƙafe kuma, a nan za a sami kanwa da gishiri, kun ga abin fatauci ya samu ba tare da an ƙago shi da ƙarfi ba.

Ku kula da abu biyu. Koguna haɗuwa suke yi in suna gangarawa, ba sa rabuwa sai a fadama mai shimfiɗe ko a bakin tafki. Sannan ambaliya tana makara: ruwan da ya sauka a kudu a watan Agusta zai iya ɗaukar makonni kafin ya iso ƙarshen kogi, wato Rairayi za ta ga ruwa bayan damina ta ɗauke. Ku rubuta watan da yake isa kowane gari.

Kada kuma ku manta da dutsen ƙarƙashin ƙasa. Damagaram a kan dutse mai tauri take zaune, wanda ba ya riƙe ruwa, shi ya sa ake jawo mana ruwa daga wajen gari, kuma ƙarancin ruwan na cikin dalilan da ake kawowa na mayar da babban birnin Nijar daga nan zuwa Yamai a 1926. Birnin Tsaunawa zai iya samun irin wannan ciwon. Duk wanda ke sama a kogi kuma yana riƙe da maƙogwaron na ƙasa: tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 ruwan da ke isa fadamar Haɗeja ya ragu. Idan mai Gulbawa ya ce zai yi madatsa, ba shi kaɗai ke da magana ba.

Baba Na Tanut:

Yara, batun dabbobi daga ciyawa ake fara shi, zaki a ƙarshe yake zuwa. Ga lissafin da ma'aikatan kiwo ke amfani da shi: saniya mai kilo 250 tana cin busasshiyar ciyawa kilo 6.25 a rana, wato kusan tan 2.3 a shekara. Ku ɗauka hekta 1 a ƙasa mai ruwan sama milimita 400 tana ba da ciyawa tan 1 a shekara, kuma kashi ɗaya cikin uku kawai ke shiga cikin dabba, sauran gara da iska da gobara da tattakewa ne. Saniya guda ke nan hekta 7. Fili mai kilomita 10 a kowane gefe zai ɗauki shanu kusan 1400, ko namun daji masu nauyin haka, ba duka biyun ba. Wanda ya cika ƙasarsa da garken shanu ya rage barewa.

Zaki yana cin nama kilo 5 zuwa 7 a rana, kusan tan 2 a shekara, kuma ba ya zama shi kaɗai. Yana son manyan namu irin su ɓauna da gwanki, da ruwa kusa. Shi ya sa a Nijar yanzu sai can gandun dajin W, a kudu maso yammacin ƙasar, ake maganarsa. Ku bar zaki ga Gulbawa. Tsaunawa ta ɗauki damisa da ragon dutse da birai. Rairayi ta ɗauki barewa, jimina, tuji, yanyawa, dila, kura, da irin farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho ta yankin Termit, wadda ke daɗewa ba ta sha ruwa ba. Dorina da kada sai inda ruwa mai zurfi ke kwana har bazara, ku sa musu alama a kan kogin, kada su wuce ta.

Giwa kuwa tana shan fiye da lita 100 a rana, amma tana iya shiga sahel. Giwayen Gurma na Mali suna zagayen ɗaruruwan kilomita kowace shekara daga tafki zuwa tafki. Ku ukun ku haɗu a kan garke ɗaya mai zagaye, ya fi kowa ya ajiye nasa. Haka shamuwa, da ke zuwa da farkon damina ta yi sheƙa cikin gari ta koma kudu da kaka, haka jan baki da fara. Akwai kuma iyakar da ba sarki ya ja ta ba: ƙudan tsando. Inda kurmin bakin kogi ya yi duhu a kudancin Gulbawa, sammore, cutar da ƙudan ke kawowa, zai kashe doki da raƙumi, rundunar dawakin Rairayi a nan za ta tsaya.

Ɗan Zango:

Na gode Baba, na gode Malam da Yaya. Saura ɗaya: mai Tsaunawa ya ƙago wani ƙaton tsuntsu mai ɗaukar ɗan maraƙi. A bar shi ko a cire?

Malam Mai Alli:

A bar shi, amma ya cika masa layi kamar kowace dabba. Ku buɗe tebur ɗaya, a littafi ko a Google Sheets, mai gida bakwai: suna, nauyi, abin da take ci, kwana nawa take yi ba ruwa, inda take da damina, inda take da rani, abin da ke kashe ta. Dabbar da aka kasa cike mata gidajen nan ba ta shiga duniyar. Tsuntsu mai girman haka zai yi sheƙa a kan dutse, ya jira iska mai zafi ta hantsi ta ɗaga shi, ya yi ƙwai ɗaya ko biyu, kuma ba zai yi yawa ba, kamar goma sha a duk jerin duwatsun. Abincinsa kuwa a fili yake, wato cikin garkunan maƙwabta, don haka ya zama abin da ya ratsa iyaka.

Ga ƙa'idar da zan ba ku a kan wannan. Ku ja ɗamara mai faɗin kilomita 40 a kowane gefen iyaka, santimita 2 ke nan a takardarku. Abin da ke cikin ƙasa, bayan ɗamarar, na mai ƙasa ne shi kaɗai, sunaye da sarauta da garuruwa. Abin da ke cikin ɗamarar, da duk abin da ke tafiya, kogi, burtali, garke, ayari, cuta, sai waɗanda ya shafa sun yarda. In biyu sun saɓa, na uku ya raba, amma da hujjar taswira: tudu, iska, ruwa. Kilomita 40 ɗin kusan tafiyar yini ce ta ayarin raƙuma, don haka kowace ɗamara ta sami aƙalla rijiya ɗaya ko zango, ku rubuta zurfinta da wanda ke karɓar kuɗin shayarwa. Duk canjin da aka amince da shi a sa masa kwanan wata a shafin ƙarshe, a ɗauki hoton taswirar a tura rukuninku na WhatsApp kafin a tashi.