Renon irin tumatir tun sanyi bai wuce ba: ina kuskuren yake?

Sabon Mai Lambu:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu lambu. Kwana 16 ke nan da na shuka irin tumatir a cikin ƙananan kofunan roba, da niyyar in sami dashe mai ƙwari kafin sanyi ya ja baya. Na jera kofunan a bakin taga, a ɗakin da ba a kwana a cikinsa, ina ba su ruwa safe da yamma, amma cikin ƙwaya 30 da na binne guda 7 kaɗai suka fito. Waɗanda suka fito ɗin ma sun miƙe siri-siri kamar zare, sun karkata wajen taga, kuma shekaranjiya na wayi gari na tarar biyu sun kwanta, gindinsu ya tsuke ya yi baƙi. Shin irin ne ba shi da kyau, ko kuwa gaggawa na yi?

Tsohon Manomi:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka yi saurin ɗora wa irin laifi, domin abin da ka bayyana ya fi kama da aikin ƙasa mai sanyi. Tumatir asalinsa daga yammacin Kudancin Amurka ya fito, kuma har yau ƙwayarsa ba ta farkawa da wuri sai ta ji ɗumi a cikin ƙasar da take kwance, ba a iskar ɗaki kawai ba. Idan zafin ƙasa ya kai digiri 25 a ma'aunin Salshiyas, iri yakan fito cikin kwana 6 ko kusa da haka. A digiri 15 sai ya ɗauki kimanin mako 2. A digiri 10 kuwa yana iya haura wata guda, kuma kafin lokacin da yawa sun ruɓe.

Bakin taga wuri ne mai ruɗin mutum, saboda da rana za ka taɓa ka ji ɗumi, da dare kuma shi ne ya fi ko'ina sanyi a ɗakin. Ka nemi ma'aunin zafi ka soka shi cikin kofi da asuba, kafin rana ta fito, ka ga abin da zai nuna maka. Idan za ka sake shuka, ka binne ƙwayar zurfin rabin santimita, ka rufe kofunan da farar leda, ka ajiye su a wuri mafi ɗumi a gidan ko da babu haske, domin kafin tsiro ya leƙo ba ya bukatarsa. Ranar da ka ga ya huda ƙasa, ka cire ledar.

Waɗanda suka kwanta kuwa, cuta ce ta dangin funfuna mai kama gindin tsiro idan ƙasa ta haɗa sanyi da yawan laima. Wanda ta kama ba ya tashi, sai ka cire shi da ƙasarsa ka zubar. Ruwa sau biyu a rana ya yi yawa a wannan yanayi.

Uwar Lambu:

Baba ya yi bayanin zafi yadda ya kamata, ni kuma zan tsaya a kan sirantar da ka ambata, domin na sha fama da ita kafin in gane dalilinta. Da zarar tsiro ya fito, bukatarsa tana juyawa: zafin da ya tashe shi sai a rage shi zuwa digiri 18 ko 21 da rana, haske kuma a ƙara shi sosai. Idan aka bar shi cikin ɗumi da ƙarancin haske, zai yi ta miƙewa yana neman rana, ya yi tsawo ba kauri. Hasken taga a gajerun ranakun sanyi ba ya isar sa, shi ya sa ake rataya masa farar fitilar lantarki marar zafi, tazarar santimita 5 zuwa 10 daga ganye, ta yi awa 14 zuwa 16 a kunne, ana ɗaga ta yayin da yake girma.

Biyar ɗin da suka rage maka kada ka fid da rai da su, ƙanena. Idan suka fitar da ganyen ainihi, wato masu tsaga-tsaga da ke biyo bayan biyun farko, ka mayar da su kofi mafi girma, ka binne karan har kusa da ganye, domin tumatir yana fitar da saiwa daga jikin karansa. Wajen ban ruwa, ka zuba a faranti kofunan su sha ta ƙasa, kuma sai saman ƙasar ya fara bushewa.

Mai Noman Rani:

Ina tare da su duka biyun, sai dai ina ganin an tsallake rabin tambayar, wato maganar gaggawa. Malam, ranar shuka ba daga ɗokin mutum ake lissafa ta ba, daga ranar dashe ake ƙirgowa baya. Ka duba lokacin da daren yankinku ke daina sauka ƙasa da digiri 10, kuma babu sauran fargabar raɓa mai daskarewa, wadda ke kashe tumatir cikin dare ɗaya. Daga wannan lokaci ka koma baya mako 6 zuwa 8. Na taɓa fara reno mako 12 kafin dashe, saiwa ta nannaɗe cikin kofi, ganyen ƙasa ya yi rawaya, wasu har suka yi fure tun suna ɗaki, kuma da na dasa su, waɗanda na shuka wata guda bayansu suka kamo su suka wuce. Ko da an dasa da wuri shukar ta rayu, furen da ya buɗe a daren da bai kai digiri 13 ba yakan zube ba tare da ya ƙulla 'ya'ya ba.

Kafin dashe kuma a saba musu da waje na kwana 7 zuwa 10, a fara da awa ɗaya ko biyu a inuwa inda iska ba ta bugu, ana ƙarawa kullum, ana shigar da su da yamma.

Sabon Mai Lambu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna da asubar yau kamar yadda Baba ya ce, ƙasar kofin ta nuna digiri 12. Na kuma ƙirga na ga saura mako 10 kafin daren namu ya yi ɗumi, don haka zan jira mako 2 kafin sabuwar shuka. Abu ɗaya ya rage: ƙarƙashin ganyen tsiro biyar ɗin nan ya fara yin launin shunayya. Taki zan ƙara musu?

Tsohon Manomi:

A'a, ka dakata da taki tukuna. Saiwar da ke cikin ƙasa mai sanyi ba ta iya jan sinadarin fosfaras, ɗaya daga cikin abincin da shuka ke samu a ƙasa, ko da yana nan, shi ne ke kawo wannan launi. Ka riƙa janye su daga bakin taga da dare, ka ɗora kofunan a kan katako maimakon siminti, sannan ka duba launin sabon ganyen da zai fito nan da mako guda.